Na ƙwaci hawainiya a hannun yara, kwana huɗu ba ta ci komai ba

Baban Khadija, Hanwa:

Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san kan hawainiya ya taimaka mini da shawara, abin ya fara damuna.

Ranar Alhamis ina dawowa daga gona ta wajen Shika, da la'asar sakaliya, na tarar da yara sun yi cincirindo a bakin hanya suna jifan wani abu. Na ɗauka maciji ne. Da na tsayar da mashin na leƙa, ashe hawainiya ce ta sauko daga gonar rama za ta tsallaka titi. Ta kumbura jiki, ta yi baƙi ƙirin, baki a wangame tana huci. Dutse ɗaya ya riga ya same ta a wutsiya. Na ba yaran naira 500 su sayi rake, na miƙa mata kara ta kama, na sa ta a hular kwano na taho da ita gida. Da niyyar in ta warke in mayar da ita na ɗauko ta, amma 'yata Khadija, mai shekara 9, ta ƙwallafa rai a kanta. Ni ma tun ina yaro halittar nan take burge ni, ban taɓa samun damar kallonta kusa da kusa haka ba.

Akwai wani tsohon akwatin gilashi da muka taɓa kiwon kifi a ciki, shi na wanke na ajiye a falo kusa da taga. Na zuba yashi a ƙasa, na jingina reshe ɗaya, na sa ruwa a murfin gwangwani. Na ba ta latas, na ba ta tumatir, na kashe fara biyu na ajiye mata a gabanta. Yau kwana huɗu ko kallonsu ba ta yi ba. Ruwan ma yadda na zuba shi haka yake. Wuni take tana kartar gilashin da ƙafafun gaba, launinta ya ƙi komawa kore, ya tsaya kamar toka mai duhu. Abin da ya fi tayar mini da hankali, jiya na ga idanunta sun fara faɗawa ciki, kuma da rana tsaka na same ta ta rufe su. Na auna ta da tef ɗin ɗinki, daga baki zuwa ƙarshen wutsiya santimita 27.

Me take ci? Yaya ake ba ta ruwa? Wane irin keji ya dace da ita, ga hunturu ya ƙarato? Sannan Hajiya, mahaifiyata, tare muke zaune, ta ce lallai a fitar da ita daga gidan, wai tana da dafi kuma ba abin ajiyewa ba ce. Ba na son in saɓa mata, ba na kuma son in jefar da dabbar nan a wannan halin.

Ɗan Samaru:

Wa'alaikumus salam. Baban Khadija, Allah ya saka maka da alheri da ka ƙwace ta. Na karanci ilimin dabbobi a nan Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), kuma na riƙe hawainiya a lokuta daban-daban, don haka bari in fara da na gaggawa.

Yau ɗin nan ka fitar da ita daga akwatin gilashin. Ko kwandon kaji ka kifa a kan tukunyar shuka mai ganye, ya fi mata. Gilashi yana toshe iska, in rana ta bugo ta taga cikinsa ya koma tanda. Kuma tana ganin inuwarta a jikinsa ta ɗauka wata hawainiyar ce, alhali ita ba ta zama da 'yar'uwarta ko kaɗan, daga haɗuwa sai faɗa. Kartar da take yi hanyar gudu take nema.

Ƙishirwa za ta riga yunwa kashe ta. Hawainiya ba ta san ruwan kwano ba, sai ta mutu a gefensa ba ta gane abin sha ba ne. A dawa raɓa take lasa da ɗigon ruwan sama a bakin ganye. Ƙyallin ɗigon da motsinsa su ke jan hankalinta. Faɗawar idon da ka gani alamar bushewar jiki ce. Ka sayi robar feshi irin ta masu aski, sabuwa fil, wadda ba a taɓa zuba mata maganin ƙwari ko man gashi ba. Ka riƙa fesa ganyen da ke kewaye da ita minti biyu zuwa uku, safe da yamma, da ruwa mai ɗan ɗumi. Kada ka nufi fuskarta. Sannan ka huda gindin robar ruwa da allura ka ɗora a sama, ya riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya a kan ganye. Wanda ya fi wannan shi ne igiyar ƙarin ruwa ta kemis, don tana da 'yar tayar da za ka rage gudun ɗigon yadda kake so. In ta yi kashi ka duba: akwai ɓangare baƙi, akwai wani kamar alli. In na allin fari ne, ruwa ya wadace ta. In ya yi rawaya ko ruwan lemo, ka ƙara feshi.

Abinci kuwa sai mai rai, mai motsi. Fara, gyare, ƙuda, malam-buɗe-littafi, ƙananan kyankyasai. Matacciyar fara a wurinta da tsakuwa duk ɗaya ne. Kada girman ƙwaron ya wuce faɗin da ke tsakanin idanunta biyu. Ka saki uku ko huɗu a kan ganye ka bar wurin, don sabuwar kamu ba ta yarda ta ci ana tsaye a kanta. Harshenta idan ta harba yana iya kai tsawon jikinta sau ɗaya da rabi zuwa biyu, ba ta bukatar ka kai mata baki.

Sai rana. Rashinta shi ne abin da ke kashe su a hankali mutum bai ankara ba. Fatarta na bukatar wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB domin ta haɗa bitamin D3, wanda in babu shi kalsiyam ba ya shiga ƙashi. Wata biyu zuwa uku sai ka ga ƙafafu sun lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, tana kama reshe tana suɓucewa, harshe ya daina kai wa ƙwaro. Gilashin taga yana tace wannan hasken, don haka zaman falo kusa da taga bai amfana mata komai ba. Turawa suna sayen fitila ta musamman su riƙa canja ta duk wata 6 zuwa shekara, saboda ba su da rana. Mu Allah ya ba mu kyauta. Ka fito da ita hantsi, daga ƙarfe 8 zuwa 10, amma lallai rabin kejin ya kasance a inuwa, ita za ta zaɓi inda take so. Wurin shan ɗuminta ya tsaya wajen digiri 30 zuwa 32. In ka ga ta yi fari-fari tana buɗe baki, zafi ya yi yawa, ka janye ta. Da dare kuma duhu take so, ba fitila. Don ƙarin kalsiyam, ka tafasa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka shi ya yi laushi kamar hoda, ka riƙa barbaɗa kaɗan a jikin farar kafin ka sake ta.

Launin da ka ce ya ƙi komawa kore, tsoro ne da ciwo. Yawancinmu mun taso da cewa tana rikiɗa ne don ta saje da abin da ta hau, amma akasari yanayin ranta ne da zafi ko sanyin jikinta ke juya launin. Da sanyin safiya tana duhu don ta kwashi zafin rana, da dare in tana barci sai ta yi haske. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janeba sun nuna cewa a cikin fatar wata hawainiyar Madagaska akwai ƙananan ƙwayoyi kamar na lu'ulu'u, tazarar da ke tsakaninsu ce ke buɗewa ko tsukewa, launin da ido ke gani ya canja. Irin hawainiya sun haura 200 a duniya, kusan rabinsu a Madagaska suke. Waɗanda za ka fi gani a YouTube na can ne da na Yaman. Taka, da wannan tsawon, ta fi kama da wadda ake kira ta Sanagal, wadda ta bazu a Afirka ta Yamma.

Wutsiyar kuma kada ka yi wasa da ita. Ba kamar ta tsaka ba ce da ke yankewa ta sake tsirowa. Tata hannu ce ta biyar, in ta lalace shi ke nan. Ka kai ta asibitin koyarwa na dabbobi da ke Samaru su duba raunin, ka tafi da sabon kashinta a leda, don na dawa kusan duk suna ɗauke da tsutsar ciki. Rufe ido da rana ba barci ba ne, alamar rashin lafiya ce, kada ka bari ya kwana biyu.

Maman Sadiƙ, Tudun Wada:

Baban Khadija, ni a kan maganar Hajiya zan ce wani abu. Kada ka tsaya jayayya da ita. Mu duka da wannan tsoron aka raine mu. Kakata ko hango hawainiya ta yi a kan hanyar rafi sai ta canja hanya. Kuma tun da har ta shiga karin magana, ana cewa hawainiyarka ta kiyayi ramata, ka san ba yau aka fara yi mata kallon abin nesa-nesa ba. Ka samu Hajiya cikin ladabi ka ce rauni gare ta, jinya kake yi mata, kuma za ka fitar da ita daga falo zuwa bayan gida inda ba za ta riƙa cin karo da ita ba. Dama can ɗin ne ya fi wa dabbar. In ta ce a'a duk da haka, ka nemi wani ya riƙe maka a gidansa.

Dafi kam ba ta da shi. In aka matse ta tana cizo, babba takan ɗan fasa fata, iyakarsa ke nan. Amma ni ma'aikaciyar jinya ce, dole in faɗa maka inda Hajiya take da gaskiya: dabbobi irin su ƙadangare, kunkuru da hawainiya sukan ɗauki ƙwayar salmonela a kashinsu, mai sa gudawa da zazzaɓi. Duk wanda ya taɓa ta ko kejinta ya wanke hannu da sabulu. Kada a wanke kayanta inda ake wanke-wanke, kada kejin ya kusanci madafa, kuma yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kada ya taɓa.

Khadija kuma a fahimtar da ita cewa wannan ba mage ba ce. Abin kallo ce, ba ta ɗauka ba. A ba ta aikin feshin safe, za ta ji ita ma da ita ake yi.

Abu na ƙarshe, ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Daga ranar da ka rufe mata ƙofa, ci da shanta sun hau wuyanka. In ka ga ba za ka iya ba, sakinta ya fi. Kuma in labari ya bazu a unguwa za ka ga masu zuwa su ce ka sayar musu, don ana busar da ita a kai wa masu magani a kasuwa. Kada ka ba su.

Kafinta, Sabon Gari:

Alhaji, kejin aku da na tantabara na fi yi, amma na taɓa haɗa wa wani malami na hawainiya, ga yadda muka yi.

Tsayi ake nema, ba faɗi ba, don ita 'yar bisa ce. Ƙafa 4 a tsaye, faɗi ƙafa 2, zurfi ƙafa 2. Katako tu-bai-tu ya isa. Duk gefe huɗu da sama raga, irin ta taga, ta roba ko ta alminiyam. Kada a sa wayar kaji, tana yanka mata tafin ƙafa, kuma fara za ta fice ta ramukan. A buga ragar ta waje yadda bakin waya da kan ƙusa ba za su leƙo ciki ba. Ba fenti a ciki, ba baƙin mai na maganin gara. Ƙofa babba a gaba mai sakata, yadda tukunyar shuka za ta shiga ta fita.

Yashin nan ka kwashe shi. In ta harbi ƙwaro a ƙasa, har da yashin za ta haɗiya. A bar ƙasan da faranti ko roba mai huji, bokiti a ƙarƙashi yana tarar ruwan feshi, in ba haka ba katakon zai ruɓe kafin shekara.

A yi masa ƙafafu dogaye, reshen sama ya wuce kan mutum in yana tsaye. Malamin nan ya ce in tana kallon mutane daga sama hankalinta ya fi kwanciya, kuma na ga hakan da idona. Kowace ƙafa a tsoma ta a gwangwanin ruwa saboda cinnaka da kwarkwasa, don in suka samu hanya cikin dare ɗaya za su gama da ita. Sakatar ma ta zama mai ƙarfi saboda mage da ɓera.

Ciki kuma a cika shi da rassa, wasu a kwance wasu a karkace, kauri daban-daban, daga kamar fensir zuwa kamar babban yatsa. Reshen gwaba ya fi, ba ya saurin ruɓewa. A ɗaure su da zare, kada su yi motsi. In rassa sun yi kaɗan ragar za ta riƙa hawa, farcenta ya maƙale ya cire. A sa shuka mai rai mai yawan ganye, ko yakuwa ko ramar da ta saba da ita, har ya zama sai ka nema kafin ka gan ta. In iskar hunturu ta taso, a rufe gefe biyu ko uku da buhu, da dare a shigar da kejin ɗaki. A sa masa mariƙi hagu da dama, mutum biyu su ɗauka.

Abu, Gyallesu:

Duk abin da suka faɗa haka ne. Ni tawa ta mutu a hannuna shekara biyu da suka wuce, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, shi ya sa nake son ka duba wani abu tun yanzu: mace ce ko namiji? Ka kalli gindin wutsiya. Na namiji yana da kauri kamar an cusa wani abu, na mace siriri ne tun daga tushe.

Tawa mace ce, ban sani ba. Ta yi wata guda lafiya lau, sai ta daina ci, ciki ya yi girma, ta riƙa saukowa ƙasa tana zagaye tana tonon kusurwa. Na ɗauka fita take so. Ashe ƙwai ne, wurin binnewa take nema. Da ba ta samu ba sai ta riƙe su, bayan kwana shida na wayi gari na same ta a ƙasa. Mace tana yin ƙwai ko ba namiji, kuma da yawa take zubawa, ashirin, talatin, har fiye. In taka mace ce, ka sa bokiti a cikin kejin, zurfin ƙasa kamar santimita 30, yashi da ƙasar gona a gauraye, da danshin da in ka tona rami da hannu ba zai rufta ba. Ka sa reshe ya sauka har ciki. In ta fara tono ka rufe kejin da zane, kada kowa ya leƙa, don in ta ga ido sai ta bar ramin.

Sai fara. Kada ka kamo daga gonar da aka yi wa feshi, wake musamman, ka san yadda ake yi masa wanka da magani. Kada ka ba ta farar tumfafiya, mai zanen rawaya ɗin nan, gubar tumfafiyar tana jikinta. Kuma wadda ka kamo ka ajiye ta kwana ɗaya a bokiti mai murfin raga, ka ba ta ganyen zogale da karas, abin da ta ci shi hawainiyar za ta samu.

Ka yi lissafin rani tun yanzu. Yau ciyawa ko'ina, fara a bagas. Daga Janairu zuwa Afrilu fa? Sai ka koma kiwon gyare ko kyankyaso a roba, ko tsayuwa gindin fitila da dare, har shinge ya fito farkon damina. Ni shawarata, in wutsiyar ta warke ka mayar da ita inda ka ɗauko ta, can cikin gona nesa da titi. Kamun dawa ba su cika daɗewa a keji ba.

Baban Khadija, Hanwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana bayan kwana tara.

A daren da na karanta amsar Ɗan Samaru na fitar da ita daga gilashin, na tono yakuwa biyu daga bayan gida na dasa a bokiti, na kifa kwando. Da asuba bayan na dawo masallaci na yi feshin farko na koma gefe na tsuguna. Ta fi minti biyar ba ta motsa ba. Can sai ido ɗaya ya juyo ya tsaya a kan wani ɗigo da ke lilo a bakin ganye, ɗayan idon yana kaina. Ta ɗaga ƙafa, ta yi gaba ta yi baya kamar ganyen da iska ke kaɗawa, ta kai baki. Ina ganin maƙogwaronta yana motsi. Ta sha, ta ɗaga kai sama, ta sake sha. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Washegari na kai ta Samaru. Sun wanke raunin, sun ce ƙashin wutsiyar bai karye ba, sun kuma samu tsutsa a kashin sun ba ta magani daidai nauyinta. A kwana na uku ta ci fara ta farko a gaban Khadija, muna leƙe ta bayan labule. Idanun biyu suka haɗu wuri ɗaya, baki ya ɗan buɗe, kafin mu ƙifta farar ta ɓace daga kan ganye sai ƙafafunta a gefen baki. Yanzu tana cin huɗu zuwa biyar a rana, idanun sun ciko, ta koma kore shar da ɗige-ɗige a gefe, ɓangaren kashinta mai kamar allin nan kuma ya yi fari.

Kejin an haɗa shi yadda Kafinta ya tsara, yana gindin gwaba a bayan gida, rana tana samunsa har wajen ƙarfe 10. Hajiya ta amince da sharaɗin hawainiyar ba za ta shigo cikin gida ba, kuma in ta warke a mayar da ita. Na karɓi sharaɗin, na kuma gaya wa Khadija tare za mu kai ta Shika. Jiya na ga Hajiya ta tsaya daga nesa da carbinta tana kallon kejin, ta tambaye ni ko an ba ta ruwa.

Malam Abu, na duba gindin wutsiyar, siriri ne, kuma likitan ma ya ce mace ce. Na sa bokitin ƙasar tun shekaranjiya. Yau da safe ta bar fara biyu ba ta taɓa ba, kuma sau biyu ina ganinta ta sauko ta tsaya a bakin bokitin ta koma sama. Na rufe gefe uku da zane. In ta shiga ramin, kwana nawa zan bar ta ban leƙa ba, kuma feshin zan ci gaba da yi ko in dakata har ta fito?